Zoben Tagullar da Na Yi wa Gilashinka

Zuwa ga Baba Ishaya mai hoto,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, da girmamawar da ban taɓa iya furta maka da baki ba. Ni ne Modu mai gyaran agogo, maƙwabcin shagonka a Kasuwar Litinin. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, don wata huɗu ke nan da aka binne ka a ƙauyenku can kudu. Da gangan na rubuta ta a fili, saboda mutanen layinmu su karanta, waɗanda har yau idan an ambace ka sai su girgiza kai su ce ai ido ne ya kayar da kai. Ba ido ba ne, Baba. Ni ne, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Ka tuna zuwana layin? Na zo da ɗan teburina na gilashi da hantsakina, ga mata ga 'ya a gida, ban san kowa ba. Kai ka ja bencinka gefe ka ba ni rabin inuwar rumfarka. Kullum da safe sai ka jefo mini "wushe" da wannan Kanurin naka mai karyayyar ƙafa, ni kuma in rama da gaisuwar yarenku, ka kwashe da dariya ka ce wallahi zagin kakanka na yi. Haka muka zauna, har mutane suka riƙa aiko wa ɗayanmu saƙo ta hannun ɗayan.

Kyamararka ta Jamus ce, ka saye ta daga hannun wani Bature ɗan mishan tun ina yaro. Jikinta duk ya goge, fatar ta ɓaɓɓare, igiyar ratayawa ma ta takalmi ce. Amma gilashin da ke gabanta, kai! Ban taɓa ganin irinsa ba. Fuska takan fito a cikinsa da taushi, amma sai ka ƙirga tsagen mutum ɗaya bayan ɗaya. Ba ka bari kowa ya taɓa shi. Ni kaina sai da muka shekara uku kafin ka miƙo mini shi, kuma idonka na kan yatsuna har na mayar.

Yadda kake aiki ma daban ne. Ba ka damu da 'yar tagar da ake leƙawa ba, ka ce tabaranka na hana ka gani sosai a ciki. Sai ka tsayar da mutane, ka taka daga gabansu zuwa inda za ka tsaya kana ƙirgawa a hankali, sannan ka murɗa gilashin zuwa lambar da ta yi daidai da takunka. Masu hoto na zamani suna maka dariya a ɓoye. Kai kuwa abin da kake faɗa kullum shi ne, "Ni ƙafata na yarda da ita, ba taga ba." Shekara talatin ƙafar nan ba ta ba ka kunya ba.

A farkon shekarun tamanin ne kyamarar ta gaji. Ɗan baƙin labulen cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe idan an danna, shi ya tsage. Na liƙe maka shi sau biyu, a na uku ya ce ya gama. Dole ka sayi wata ta Japan, ta hannu, a shagon Mista Obi mai sayar da fim. Ka gwada gilashin da ta zo da shi mako guda, ka cire shi ka jefa cikin aljihun tebur, ka ce fuskar da yake fitarwa ba rai a cikinta. Tsohon gilashinka kake so a kan sabuwar kyamara. Matsalar ita ce naka murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba, ita kuwa sabuwar ƙugiyoyi uku gare ta, a juya su ce ƙas. Ko kusa ba sa shiga juna.

Ana cikin haka saƙo ya zo maka daga gida. Mahaifiyarka, wadda ta haura tamanin da yawa, ta yarda a ɗauke ta hoto. Na san abin da wannan ke nufi a wurinka. Ka sha ba ni labari kana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa ka ɗauki rabin mutanen garin nan, amma matar da ta haife ka ko ka ɗaga kyamara sai ta rufe fuska da zani. Yanzu ta yarda, da sharaɗi ɗaya. Ba ita kaɗai ba, sai a tsakiyar 'ya'yanta da jikokinta gaba ɗaya, ranar Kirsimeti, kuma a zama ɗaya tak. Ranar da saƙon ya zo ka kasa zama, sai kai da komowa kake a gaban shago.

Ka ce ba za ka ɗauke ta da baƙon gilashi ba. Mista Obi ya ce ka haƙura, Jamus da Japan ba sa haɗuwa, ko a Legas bai ga wanda ya yi ba. A nan ne bakina ya ja mini. Na buga ƙirji a gaban kowa na ce ni da nake gyara abin da ido ba ya gani sai da gilashi, zoben da zai haɗa su ne zai gagare ni? Na ce a ba ni mako biyu. Mista Obi ya ce idan na yi zai cire hularsa ya gaishe ni. Kai kuwa sai ka naɗe gilashin a tsohon ƙyallensa ka ɗora mini a tafin hannu.

Bari in yi wa masu karatu bayani, kai ka riga ka sani. Kowane gilashi yana da tazarar da dole ya zauna tsakaninsa da fim. Idan zoben da ya haɗa su ya yi kauri, ko da kaurin farce ne, gilashin zai ga na kusa amma ba zai kai nesa ba, kuma lambobin da ke jikinsa duk sun zama ƙarya. Na san wannan sarai. Na auna, na sake aunawa, na zana a bayan kwalin shayi, na samo tagulla daga wani tsohon kan famfo, na kai wa wani mai injin fiƙe ƙarfe a Bolori. Zoben farko zarensa bai kama ba. Na biyu ya tsage a kan injin. Na uku bai fito ba sai ana gobe za ka tafi, bayan azahar.

Na dawo kasuwa da gumi, na zauna a teburina, na murɗa gilashin a zoben, na juya zoben a jikin kyamara. Ya ce ƙas. Na leƙa tagar na dubi kalandar da ke bango, ga rubutu tar. Na dubi agogunan da ke rataye, har ƙananan allurai ina gani. Sai na juya waje, wajen bishiyar dogon yaron da ke ƙarshen layi. Na murɗa gilashin, na murɗa, har ya kai ƙarshe ya tsaya. Itacen bai fito ba. Ganyen duk ya cakuɗe, dishi-dishi. Nan take na gane zoben ya yi kauri.

Baba, a nan nake so kowa ya saurara da kyau. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Mai injin bai rufe ba. Aikin rage zoben bai fi na rabin sa'a ba, da na hau keke na koma Bolori da an gama. Ko ban koma ba, da na ja ka gefe na ce maka kada ka yarda da lambobin, kuma kada ka yi nisa da mutane. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba. Amma Mista Obi na zaune a bencinka da wasu mutum biyu, duk sun zuba mini ido suna jira. Sai na miƙe ina murmushi na kawo maka kyamarar da hannu biyu.

Ka karɓa, ka ɗaga, ka saita fuskar Mista Obi da ke zaune dab da kai. Fuskar ta fito fes, don kusa take. Ka yi wata irin dariya da ban taɓa jin ka yi ba, ka kama hannuna ka ɗaga sama kamar na ci dambe. Mista Obi ya cire hularsa da gaske. Ka aika aka sayo tsire, muka ci a tsaye. Na gaya wa kaina ƙila ba da yawa ba ne, ƙila hasken rana zai rufe, in ka dawo sai in karɓa in gyara ba wanda ya sani. Tir da ni. Tsiren nan na cinye shi tas, har da yajin.

Kwana shida ka yi. Ka dawo da buhun gyaɗa da ka ce tsohuwa ta aiko wa mai zobe, don ka ba ta labarina. Ko hutawa ba ka yi ba ka shige ɗakin wankin hoto. Ina zaune a waje da agogon wani malamin makaranta a hannuna, na buɗe shi na rufe ya fi sau biyar ban san abin da nake nema a ciki ba. Ka daɗe. Da ka fito ba ka kira kowa ba sai ni.

Har gobe ina ganin hoton nan. Mutum kusan arba'in a gindin tsamiya, manya a baya, yara a ƙasa, ita a tsakiya da farin kallabi. Amma babu fuska ko ɗaya. Kamar ana hango su ta cikin tururin tukunya. Abu ɗaya ne ya fito garau, wani turmi da aka manta a tsakar gida, can gaba kusa da inda ka tsaya. Har tsagewar bakinsa ana gani. Sau goma sha biyu ka danna, kowanne ka taka ka ƙirga yadda ka saba, kuma duka sha biyun haka suke.

Ka cire tabaranka ka goge, ka mayar, ka sake duba. Sannan ka ce a hankali, "Modu, idona ya tafi." Ni kuma na buɗe bakin nan nawa na ce maka sannu, Allah Ya sawwaƙe. Abin da na ce ke nan. Na rantse da zan iya yanke minti ɗaya daga rayuwata, wannan zan yanke.

Ka ce za ka koma da Ista ka lallashe ta a sake, ko ita kaɗai ce. Ba ta kai ba. Da ka dawo daga jana'izarta na zo gidanka a Jiddari Polo na yi maka gaisuwa, na zauna a tabarma cikin mutanen cocinku. Hoton nan na jingine a kan tebur, an sa shi a firam, don babu wani. Wata tsohuwa ta ɗauka ta kai kusa da ido tana tambaya wace ce marigayiyar a ciki. Sai da aka nuna mata farin kallabin da yatsa. Na tashi na ce ina da aiki a kasuwa.

Ka san kasuwa da baki. Kafin wata ya ƙare labari ya zagaye cewa idon Baba Ishaya ya mutu, ko uwarsa bai iya ɗauka ba. Makarantun da ke kiranka hoton ƙarshen shekara suka daina. Masu biki suka koma wajen samari. Cocinku ma, da kai ke ɗaukar taronsu tun kafin a yi masa rufin kwano, suka nemo wani. Ka koma hoton fasfo, mutum ya zauna a kujera taku uku daga gabanka, da wannan gilashin Japan ɗin da ka raina. Tsohon gilashin ban sake ganinsa ba, kuma ban tambaya ba.

Ni fa? Ni sai suna ya tashi. Modu da ya haɗa Jamus da Japan. Masu hoto daga Bama, daga Potiskum, har daga ƙetaren iyaka suka riƙa kawo mini tsofaffin gilasai in yi musu zobe. Kuma ina yi, yana kyau, don tun daga ranar ban ƙara miƙa wa kowa aiki ba sai na fita bakin layi na duba nesa sau uku. A kanka na koya. Wasu ma kai kake turo su, ka nuna teburina da haɓa ka ce su je wajen gwani. Duk lokacin da ka faɗi haka sai in sunkuyar da kai, amma aikin ina karɓa.

Kada ka ce ban yi niyya ba. Na yi, ya fi a ƙirga. Akwai ranar da ruwan sama ya tsare mu mu biyu a shagonka, babu kowa, na ce "Baba," ka ɗago ka dube ni, ka ajiye abin da ke hannunka. Ka jira. Sai na tambaye ka ko ƙafarka ta yi sauƙi. Ka ɗan daɗe kana kallona, sannan ka ce da sauƙi. A lokacin na ɗauka na tsira. Shekara tara muka ƙara yi a rumfa ɗaya, kullum ina cewa gobe, kullum maganar tana ƙara nauyi. Da farko kunyar zoben nake ji, daga baya kunyar shirun ta fi ta zoben.

Ranar da ka rufe shago za ka koma ƙauye, ni na ɗaure maka kaya a saman mota. Ka riƙe hannuna ka ƙi saki har direba ya yi ta danna oda. Ka ce, "Babu abin da za ka ce mini, Modu?" Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Ka gyaɗa kai ka shiga. Na ɗauka bankwana kawai kake nema.

Makon jiya 'yarka Rifkatu ta zo kasuwa. Ban gane ta ba da farko, ta zama babbar mace, malamar asibiti. Ta ajiye mini wani ƙunshi a tebur, na ga ƙyallen na gane shi tun kafin in kwance. Gilashinka ne, da zobena a jikinsa. Ta ce ka bar wasiyya a kawo mini hannu da hannu, kuma a ce mini in gwada shi a nesa.

Na ɗauko wata kyamara irin taka da aka kawo gyara, na ɗaura shi, na fita bakin layi. Na saita can ƙarshen kasuwa, na murɗa. Baba, komai ya fito. Rubutun motocin da ke tasha, wayoyin lantarki, har wata mata da ke gyara goyo can nesa. Na cire zoben na sa gilashin idona na duba bayansa. An rage shi. Ba aikin inji ba ne, na hannu ne, an goga shi a hankali har ya kai daidai inda ya kamata in kai shi. Na zauna a kan dakali.

Na tambaye ta yaushe ka yi wannan. Ta ce ai ta tuna sarai, tana 'yar sakandare a lokacin. Satin da kuka dawo daga binne kakarta ne. Ka shimfiɗa samfefa a kan fasasshen madubi a tsakar gida, kana gogawa kana leƙawa, kwana uku. Ta ce turmin nan ne ya tsaya maka a rai, ka ce idon da ya mutu ba ya zaɓen turmi ya bar mutane. Ta ce ta yi fushi, ta ce ka je kasuwa ka faɗa wa kowa gaskiya ka wanke sunanka. Ka hana ta, har ka sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Abin da ka ce mata shi ne, "Modu zai zo ya faɗa da bakinsa. A ba shi lokaci."

Ashe jira kake yi. Duk shekarun nan da nake zaune gefenka ina tunanin na ɓoye, kai ka sani, kana kallona, kana turo mini masu aiki, kana jira. Ka bar sunanka a ƙasa don kada ka ɗaga shi ta hanyar taka nawa, kuma abin da kake nema a wurina bai wuce in buɗe baki ba. Haba Baba. Da ka zage ni. Da ka jefe ni da zoben a gaban Mista Obi da duk layin, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ka ba ni lokaci har naka ya ƙare, ni kuwa ban zo ba.

Na faɗa wa Rifkatu komai a wurin, tun daga dogon yaron har tsiren. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta dai ce 'ya'yanta kan tambaye ta kamannin kakarta, sai ta rasa abin da za ta nuna musu. Wannan ba ni da samfefar da za ta gyara shi.

Ina roƙon Allah, wanda Ya ga abin da na gani ta tagar nan ranar da na yi shiru, Ya dubi haƙurin da ka yi da ni, Ya saka maka da abin da ni ban iya ba. Ya albarkaci Rifkatu da 'yan'uwanta da jikokinka, Ya haɗa su da mutanen da za su faɗa musu gaskiya a kan kari. Ni kuma Ya yafe mini, Ya sa kada in ƙara barin wani yana jirana. Amin.

Na zo, Baba. Ka yafe mini.

Ɗanka da ya makara,
Modu mai agogo